Yadda Ake Lissafin Kason Sinadari a Cikin Haɗi, Daga Buhun Yuriya Zuwa Takardar Jarrabawa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun yuriya ya ga lambar da ke jikinsa: 46-0-0, wani kamfanin kuma ya rubuta 46% N. Ma'anarta ita ce, a kowane kilo 100 na takin akwai kilo 46 na naitirojin, sinadarin nan da ke sa ganyen masara ya yi shar. Sauran kilo 54 ɗin 'yan rakiya ne. Wannan lamba za ka iya fitar da ita da kanka, da biro a bayan rasit, ba tare da ka leƙa ɗakin gwaji ba. Hanyar da za ka bi kuwa ita ce dai wadda ake tambayar ɗaliban kimiyya a WAEC da NECO da JAMB.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna, kada mu yi ta magana kowa da abin da yake nufi. Akwai sinadaran asali, irin su naitirojin da oksijin da kabon da ƙarfe da zinariya, waɗanda yawansu a jadawalin sinadarai ya kai 118. A aji elimen ake ce musu, ni ma haka zan riƙa cewa. Idan elimen biyu ko fiye suka ƙullu da juna suka zama wani sabon abu, kamar ruwa ko gishiri ko yuriya, an sami haɗaɗɗen sinadari, wanda zan taƙaita da "haɗi". Ƙwayar zarra ta kowane elimen kuma ita ce atam.

Tambayar guda ɗaya ce: idan aka ɗora haɗin a kan sikeli, kashi nawa cikin 100 na nauyinsa ne na elimen kaza?

Ka riƙe kalmar nauyi da kyau, don a nan ake fara zamewa. Ɗauki ruwa, wanda fomularsa, wato rubutunsa da harufan sinadarai, ita ce H₂O. Atam uku ne, biyu na haidirojin, ɗaya na oksijin. Mai gaggawa sai ya ce ai haidirojin ne kashi biyu cikin uku. A ƙirge haka ne, amma ba ƙirge aka tambaya ba. Ka ɗauka ka je kasuwa ka sayo kaji biyu, kowace kilo ɗaya, da ɗan akuya mai kilo 16. A ƙidayar kai kaji sun fi yawa. A sikeli kuwa kayan duka kilo 18 ne, kaji na da kilo 2 kacal. Haka ruwa yake: haidirojin 2 cikin 18, wato kashi 11.1 cikin 100, oksijin kuma 88.9.

Abin da ya sa lissafin ke yiwuwa tun farko shi ne haɗi ba ya canza ma'auninsa. Yuriyar da aka sarrafa a Lekki, da wadda aka yi a Eleme ta jihar Ribas, da wadda ke cikin fitsarin saniya, duk fomularsu ɗaya, kason naitirojin ɗinsu ɗaya. Wani masanin Faransa, Joseph Proust, shi ya tsaya a kan wannan ƙa'ida a shekarun 1790, ya sha musu da takwarorinsa kafin a yarda da shi. Amma ka bambanta haɗi da gauraye. Fura da nono gauraye ne, mai damawa ce ke yanke yawan kowanne. Kanwar kasuwa ma gauraye ce, akwai gishiri-gishiri iri-iri a ciki har da ƙasa. Irin waɗannan ba su da fomula guda, don haka wannan lissafi ba ya hawa kansu kai tsaye.

Abin da za ka tanada

Fomular haɗin, da nauyin atam na kowane elimen, da kalkuleta ko haƙurin yin rabawa da hannu. Nauyin atam ba giram ba ne ba kuma kilo ba, kwatance ne: an ɗauki atam ɗin kabon-12 an raba nauyinsa gida 12, sai aka mai da kaso ɗaya ya zama ma'aunin kowa. Ga waɗanda za mu yi aiki da su, a taƙaice kamar yadda ake ba da su a jarrabawa:

H = 1, C = 12, N = 14, O = 16, Na = 23, Mg = 24, Al = 27, P = 31, S = 32, Cl = 35.5, K = 39, Ca = 40, Fe = 56

Kulorin, wato Cl, shi ne ke ba ɗalibai mamaki da rabin nan nasa. Babu atam ɗin kulorin mai nauyin 35.5. Iri biyu ne a duniya, mai 35 da mai 37, kusan uku na farko a kan ɗaya na biyu, matsakaicinsu ne ya ba da 35.5. Kada ka mai da shi 35 ko 36 don neman sauƙi.

Idan a jarrabawa kake, yi amfani da lambobin da aka ba ka a ƙarshen tambayar, ko da ka haddace wasu. In sun ce jan ƙarfe 64 ne, kai kuma ka san 63.5, bi nasu, don da shi aka fitar da amsar da za a auna taka da ita.

Mataki na farko: rubuta fomular daidai

Babu wani dogon bayani a nan, sai dai kula da babban baƙi da ƙarami. CO kabon ne da oksijin, iskar nan mai guba da ke fita daga hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane a ɗaki a rufe. Co kuwa elimen ne guda, kobal. Harafi ɗaya ka karkatar, ka koma wani lissafin daban. Fomular yuriya ita ce CO(NH₂)₂.

Mataki na biyu: ƙirga atam na kowane elimen

A nan zan daɗe, domin in ka duba takardun ɗaliban da suka faɗi wannan tambaya, za ka tarar yawancinsu rabawarsu daidai ce, ninkawarsu daidai ce, ƙirgen ne ya kayar da su.

Ƙaramar lambar da ke ƙasan harafi ta wannan harafin ce shi kaɗai. A H₂O, 2 ɗin ta haidirojin ce, oksijin bai da rabo a ciki. Harafin da ba shi da lamba, ɗaya ne.

Lambar da ke bayan baka kuwa ta duk wanda ke cikin bakan ce. A CO(NH₂)₂, abin da ke ciki shi ne N ɗaya da H biyu, an kuma ce a kawo wannan ƙunshin sau biyu. Saboda haka N ya zama 1 × 2 = 2, H ya zama 2 × 2 = 4. C da O suna waje, ba ruwansu da 2 ɗin nan. Ƙirgen yuriya ke nan: C ɗaya, O ɗaya, N biyu, H huɗu.

Shawarata, musamman in kana koyo, ka warware bakan ka rubuta shi dalla-dalla: C, O, NH₂, NH₂. Ba ya cin daƙiƙa biyar, kuma idonka zai ga abin da kai ke mantawa.

Sai tarko na uku: elimen ɗaya ya fito a wuri biyu. Duba NH₄NO₃, amoniyam naitiret. Akwai N a farko, akwai wani N a tsakiya. Biyu ne. Wanda ya ga na farkon kawai zai fito da 21.2 maimakon 35.

Akwai kuma babbar lamba da kan zo a gaban fomula idan an ciro ta daga ikweshon, wato layin da ke nuna yadda sinadarai ke haɗuwa su canza, kamar 2H₂O. Wannan ba ta shafi kaso ba. Bokiti ɗaya na ruwa da bokiti biyu, haidirojin dai 11.1 ne cikin 100. Ka yar da ita ka ci gaba.

Mataki na uku: ninka kowane ƙirge da nauyinsa, ka tara

Jera su layi-layi, kada ka yi a ka:

C: 1 × 12 = 12
O: 1 × 16 = 16
N: 2 × 14 = 28
H: 4 × 1 = 4
Jimilla: 60

Wannan 60 ɗin ita ce nauyin haɗin gaba ɗaya. Amfanin jerawar shi ne, lambar da za ka buƙata a mataki na gaba tana nan a gabanka, ba sai ka sake nemo ta ba.

Mataki na huɗu: raba, ka ninka da 100

Kason elimen = (nauyin elimen a cikin haɗin ÷ jimillar nauyin haɗin) × 100

Na naitirojin: 28 ÷ 60 × 100 = 46.7

Ga lambar buhun nan ta fito. Lura cewa 28 aka ɗora a sama, wato nauyin atam biyun, 14 nauyin guda ɗaya ne. Za ka ce to me ya sa buhu ya ce 46 bai ce 46.7 ba? Domin 46.7 na tsantsar yuriya ne, ta buhu kuwa ba ta rasa ɗan danshi da 'yan tarkacen da sarrafawa ke bari, don haka kamfani ke rubuta abin da zai iya tsayawa a kai.

Kada ka gutsure lamba a tsakiyar hanya. In ka raba 28 da 60 ka sami 0.4666, sai ka ce bari in mai da shi 0.5, amsarka ta zama 50, ka ƙara wa buhu mai kilo 50 fiye da kilo ɗaya da rabi na naitirojin da babu shi. Bar lambar a kalkuleta yadda take, sai a ƙarshe ka taƙaita zuwa lamba ɗaya ko biyu bayan ɗigo, gwargwadon yadda aka nema.

Mataki na biyar: binciki kanka

Fitar da na sauran, ko da ba a tambaye ka ba: kabon 20.0, oksijin 26.7, haidirojin 6.7. Tara su da 46.7, ka sami 100.1. Wannan ɗigo ɗayan na taƙaitawa ne, ba laifi. In ka ga 93 ko 108, koma baya.

Sai dai wannan binciken yana da iyaka, kuma ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba. Idan tun a ƙirge ka yi kuskure, kasonka duk za su taru su ba da 100 cif, alhali amsar ba daidai ba ce. Gwada da amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄. Ƙirgen gaskiya: N biyu 28, H takwas 8, S ɗaya 32, O huɗu 64, jimilla 132. Naitirojin 28 ÷ 132 × 100 = 21.2, farar wuta kuma, wato S, 24.2. Wanda ya manta da 2 ɗin bayan baka zai sami jimilla 114, naitirojin 12.3, kuma in ya tara nasa kason duka zai ga 100, ya miƙa takarda yana murmushi. Maganin wannan ɗaya ne, ka sake ƙirgen atam daga fomula kamar ba ka taɓa yi ba.

Daga kashi zuwa kilo

Da zarar ka san kason, sauran lissafin kasuwa ne. Buhun yuriya mai kilo 50: 50 × 46 ÷ 100 = kilo 23 na naitirojin. Buhun amoniyam salfet mai kilo 50, da kashi 21 da ake rubutawa a jikinsa: kilo 10.5.

Yanzu a ce, misali kawai, yuriya naira 40,000 ce, amoniyam salfet kuma naira 25,000. Ido zai ce na biyun ya fi araha. Raba kuɗin da kilon naitirojin: a yuriya kowane kilo ya tashi kusan naira 1,740, a ɗayan kuwa kusan naira 2,380. Mai arahar ne mai tsada, in dai naitirojin kaɗai kake nema. In ƙasarka na buƙatar farar wuta, wannan wata magana ce, don shi yana ɗauke da ita, yuriya ba ta da ko ɗigo. Sa farashin kasuwarku na yau a gurbin nawa, hanyar ba ta canzawa.

Ana kuma juya lissafin. Malamin gona ya ce gonarka na son kilo 60 na naitirojin, yuriya nawa za ka saya? A nan rabawa za ka yi: 60 ÷ 0.46 = kilo 130, wato buhu biyu da ɗan fiye da rabi. Yadda za ka gane ko ninkawa ake so ko rabawa: haɗi kullum ya fi elimen ɗin da ke cikinsa nauyi. In ka nemi yawan taki ka sami lambar da ta gaza 60, ka juya lissafin a baibai.

Takin kamfa kuwa yana da wata 'yar ɓoyayyiyar magana. Idan ka ga 15-15-15, sai ka ɗauka naitirojin 15, fosforas 15, fotasiyam 15. Ta farkon ce kawai haka. A al'adar masana'antar taki, lamba ta biyu ana ba da ita ne a matsayin P₂O₅, ta uku a matsayin K₂O. Sai mu yi musu lissafinmu:

P₂O₅: (2 × 31) + (5 × 16) = 62 + 80 = 142. Fosforas: 62 ÷ 142 × 100 = 43.7
K₂O: (2 × 39) + 16 = 78 + 16 = 94. Fotasiyam: 78 ÷ 94 × 100 = 83.0

A buhu mai kilo 50, kashi 15 kilo 7.5 ne. Naitirojin kilo 7.5 ɗinsa cur. Fosforas na ainihi 7.5 × 0.437, kusan kilo 3.3. Fotasiyam 7.5 × 0.83, kusan kilo 6.2. Ba ha'inci ba ne, tsohon salon rubutu ne da aka gada, shawarwarin malaman gona ma galibi da wannan ma'aunin ake ba da su. Amma in kana kwatanta buhu da sakamakon gwajin ƙasa, sai ka tabbatar da wane yare kowannensu yake magana.

A kicin ma haka. Gishiri NaCl ne: 23 + 35.5 = 58.5, sodiyam 23 ÷ 58.5 × 100 = 39.3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, a wani wurin kuma ka ga an ce giram 2 na sodiyam. Magana ɗaya ce: 5 × 0.393 = 1.97. Idan kwalin abinci ya rubuta sodiyam, ninka da biyu da rabi ka san gishirin da ke ciki. Mai hawan jini ya kamata ya riƙe wannan.

Haɗin da ke ɗauke da ruwa a cikinsa

Wasu fomuloli suna da ɗigo a tsakiya, kamar CaSO₄·2H₂O. Wannan shi ne jipsam, wanda ake haƙowa a wajejen Fika ta jihar Yobe da yankin Dange a Sakkwato, ake kuma zuba shi a siminti. A hannu busasshe ne ƙarau, amma akwai ruwa a ɗaure cikin ƙwayoyinsa.

Ɗigon nan ba alamar ninkawa ba ce. Na sha ganin ɗalibi ya ninka 136 da 36 ya fito da dubbai, bai ko tsaya ya yi mamaki ba. Ma'anar ɗigon "tare da", don haka tarawa ake yi. Ita kuma 2 ɗin da ke bayansa, saɓanin wadda muka yar ɗazu, tana cikin fomula, kuma ta hau kan H₂O gaba ɗayansa.

CaSO₄: 40 + 32 + 64 = 136
2H₂O: 2 × 18 = 36
Jimilla: 172

Kason ruwa: 36 ÷ 172 × 100 = 20.9. Wato tan ɗaya na tsantsar jipsam na ɗauke da kilo 209 na ruwa. In kuma oksijin aka tambaya, tuna yana wuri biyu: huɗu a SO₄, biyu a ruwan, shida ke nan, 96 ÷ 172 × 100 = 55.8.

Idan aka gasa jipsam, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya tashi, sai a sami CaSO₄·½H₂O, garin POP da ake yin silin da shi. Nauyinsa 136 + 9 = 145, ruwansa kashi 6.2. Ranar da mai aikin silin ya kwaɓa shi, garin ya mai da ruwan da ya rasa, ya koma jipsam, shi ya sa yake sandarewa tun yana cikin roba in aka yi sanyin hannu.

Idan ba a ba ka fomula ba

Wani lokaci awo za a ba ka daga ɗakin gwaji. Ƙa'idar ba ta sauya ba, sai ma sauƙi da ta ƙara, don ba ka bukatar nauyin atam. Gwajin da aka fi yi a makaranta shi ne ƙona zaren magniziyam a ɗan kasko mai murfi. A ce kaskon da murfinsa giram 25.00 ne. Da aka sa magniziyam ya zama 25.24. Bayan ƙonawa, farar tokar da ta rage ta kai shi 25.40.

Magniziyam: 25.24 − 25.00 = 0.24
Toka: 25.40 − 25.00 = 0.40
Oksijin da ya shigo daga iska: 0.40 − 0.24 = 0.16

Magniziyam 0.24 ÷ 0.40 × 100 = 60, oksijin 40. Fomular MgO ma haka ta ce, 24 cikin 40. Kuskuren da ake yi a nan shi ne mantawa da ɗebe nauyin kasko. A aikace kuma da wuya ka sami 60 cif. Yawanci amsar kan haura, ko don zaren bai gama ƙonewa ba, ko don an buɗe murfin da yawa farin hayaƙin ya tsere da wani sashe na tokar. Shi ya sa ake maimaita gashi da awo har sai sikeli ya daina motsi.

A wajen haƙar ma'adinai ana haɗa lissafin biyu, na fomula da na awo. Hematayit, Fe₂O₃, nauyinsa 112 + 48 = 160, ƙarfensa kashi 70. Wannan shi ne iyakar abin da tsantsarsa za ta iya bayarwa. Dutsen Itakpe na jihar Kogi, wanda aka tsara zai ciyar da masana'antar Ajaokuta, ƙarfen da ke cikinsa wajen kashi 36 ne. Kwatanta 36 da 70, ka ga kusan rabin dutsen ba ma'adinin ƙarfe ba ne. Dalilin da ya sa sai an niƙa shi an tace kafin a kai shi tanderu ke nan.

Komawa baya: daga kashi zuwa fomula

Wannan ita ce tagwayen tambayar, kusan kullum tare suke zuwa. An ce wani haɗi na da kabon 40.0, haidirojin 6.7, oksijin 53.3. Ɗauka kana da giram 100, kason ya zama giram. Raba kowanne da nauyin atam ɗinsa: 40.0 ÷ 12 = 3.33, 6.7 ÷ 1 = 6.7, 53.3 ÷ 16 = 3.33. Sai ka raba duka da mafi ƙanƙanta, ka sami 1, 2, 1. Fomula mafi sauƙi ita ce CH₂O.

In rabawar ta ba ka 1.5, kada ka tura shi zuwa 2. Ninka duka da biyu. Ƙarfe 70 da oksijin 30 suna ba da 1.25 da 1.875, wato 1 da 1.5, wato 2 da 3, mun dawo Fe₂O₃.

To amma wane abu ne CH₂O ɗin nan? Kaso kaɗai ba zai gaya maka ba. Fomaldihaid da ke cikin ruwan fomalin na adana gawa CH₂O ne, nauyinsa 30. Asid ɗin da ke ba binega tsami C₂H₄O₂ ne, 60. Wanda ke ba nono tsami C₃H₆O₃ ne, 90. Gulukos C₆H₁₂O₆ ne, 180. Yi wa kowannensu lissafi, za ka ga kabon 40.0, haidirojin 6.7, oksijin 53.3, babu bambanci ko na ɗigo. Sai an ƙara maka da jimillar nauyin haɗin za ka raba gardama: in 180 ce, raba da 30 ka sami 6, ka ninka CH₂O da shida.

Wannan giɓin, cewa kaso na faɗin yawan elimen amma ba ya faɗin daga ina ya fito, an taɓa yin mummunar ha'inci da shi. Gwajin da aka saba auna furotin da shi a abinci naitirojin yake aunawa, sai a ninka, saboda furotin na ɗauke da naitirojin wajen kashi 16. Akwai wani sinadarin yin robobi, melamin, C₃H₆N₆. Lissafa shi: 36 + 6 + 84 = 126, naitirojin 84 ÷ 126 × 100 = 66.7, ya ninka na furotin fiye da sau huɗu. A shekarar 2008 aka gano cewa a ƙasar Sin ana tsarma madara da ruwa, a barbaɗa melamin don gwaji ya nuna furotin ya cika. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, galibi na ƙoda, hukuma ta tabbatar da mutuwar shida.

Gwada hannunka

Rufe amsoshin da tafin hannu kafin ka fara.

Na ɗaya, kuzar da aka yi ta haƙowa a Jos tana fitowa ne a matsayin SnO₂. In Sn = 119, kashi nawa ne kuza? Na biyu, a kasuwar duniya da U₃O₈ ake yanka farashin yuraniyom irin wanda ake haƙowa a Arlit. In U = 238, nemo kasonsa. Na uku, dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina da Ashaka da Malbaza galibinsa CaCO₃ ne. Idan aka gasa tan ɗaya na tsantsarsa, CO₂ ya fice, kilo nawa ya tafi iska? Na huɗu, mai baka: kason oksijin a Al₂(SO₄)₃.

Amsa ta ɗaya: 119 ÷ 151 × 100 = 78.8. Ta biyu: 714 ÷ 842 × 100 = 84.8. Ta uku: CaCO₃ nauyinsa 100, CO₂ kuma 44, don haka kilo 440 cikin 1,000. Ta huɗu: oksijin 4 × 3 = 12 ne, nauyinsa 192, jimillar haɗin 54 + 96 + 192 = 342, amsa 56.1. In jimillarka ta fito 278, ka ninka oksijin da uku ka bar farar wuta a ɗaya, ita ma tana cikin bakan.